Darasi na 9: Hatimi da sa hannu

A Kalala, inda ramukan gishirin Bilma suke, an daɗe ana ciniki ba da alƙalami ba. Bayan damina, wajen watan Oktoba, ayarin raƙuma kan taso daga Abzin, ya ratsa Tenere ta Fashi, ya sauke hatsi, ya ɗauki kantu da dabino ya juya. Mai ramin gishiri ya san madugunsa, uban wannan ma ya yi ciniki da uban wancan. In bana an rage bashin buhu biyu na gero, baɗi za a kawo, kuma ana kawowa. Shaidar wannan ciniki ita ce fuskar mutum da sunan gidansu.

Amanar nan tana nan da ƙarfinta, darasin nan kuma bai zo rage mata daraja ba. Sai dai akwai wuraren da ba ta kaiwa. Ma'aikacin banki a Agadas bai san ubanka ba. Wanda ke karɓar takardun ɗalibai a Jami'ar Agadas, wadda aka kafa a 2014, bai taɓa shan shayi a gidanku ba. Ɗanka da ya tafi haƙar zinariya a Jado, ko ya tsallaka Libiya neman aiki, ba ya nan balle ya ce "na yarda" a gaban dattawa. A irin waɗannan wurare takarda ce ke tsayawa a madadin fuska, kuma ba a yarda da ita sai wani mai iko ya shaide ta.

Rubuta yarjejeniya ba baƙon abu ba ne gare mu. Duk wanda ya zauna gaban malam ya san aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Abin da ya zo daga baya shi ne ofis da tambur da harshen Faransanci.

Kalma ɗaya, ayyuka daban-daban

Za ku ji mutum ya ce, "Zan je meri in yi legalize." Legalize kalmar Faransanci ce, mun ɗauke ta mun lulluɓe abubuwa uku da ita. Rikici da yawa daga nan yake tasowa, domin kowane hatimi abu guda yake shaida, ba ya wuce shi.

Mu fara da wanda aka fi yi. Wata mata ta zo ofishin magajin gari, wato meri, da safe, ƴarta ta ci jarrabawa za ta wuce Agadas, an ce a kawo kwafin takardar haihuwa da na sakamako. Ta kwance bakin zane, ta miƙa kwafi biyu ta taga.

"Inna, ina na asalin?"

"Suna gida cikin akwati, ɗana. Ai waɗannan su ne, hotonsu aka ɗauka."

"Sai na ga uwa kafin in shaidi ƴa. Ki daure ki ɗauko."

Ta koma, ta dawo da su a naɗe cikin leda. Ma'aikacin ya ajiye ta asali a dama, kwafi a hagu, yana bi da yatsa layi-layi: suna, ranar haihuwa, lamba, hatimin da ke ƙasa. Da ya gamsu, ya manna tambur, ya buga hatimi yadda rabinsa ya hau tambur ɗin rabi ya hau takarda, don kada a ɓamɓare a sake amfani da shi. Ya rubuta kwanan wata, ya kai wa mai ikon sa hannu. Kalmomin da za ku gani a jikin irin wannan hatimi su ne "copie certifiée conforme à l'original". Ku riƙe siffarsu ko da ba ku jin Faransanci. Ma'anarsu: an ga ta asali, wannan kwafi daidai yake da ita. Iyakar maganar ke nan. Ma'aikacin bai ce yarinyar tana da ƙoƙari ba, bai ma bincika ko makarantar da ta ba da takardar ta yi gaskiya ba. Ya dai haɗa takarda biyu ya ga ba su saɓa ba. Ana yin wannan aiki a ofishin magajin gari, ana kuma yi a ofishin ƴan sanda inda yake akwai. Tun watan Afrilun 2024, da gwamnati ta rushe majalisun ƙananan hukumomi, wakilan da ta naɗa ne ke riƙe da kujerun magadan gari, amma tagar ba ta canja wuri ba.

Na biyu shi ne shaidar sa hannu. Kun rubuta takarda tsakaninku, ta bashi ko ta haya ko ta sayar da babur, kuna so hukuma ta tabbatar cewa hannun da ke ƙasa naku ne. A nan dole mai hannun ya zo da ƙafarsa, da katinsa na ɗan ƙasa, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gaban ma'aikaci. Wanda ya sa hannu tun daga gida ya aiko yaro da takarda, za a mayar masa, kuma daidai ne a mayar.

A nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Mutum ya sayi gida, an rubuta a takardar littafin makaranta, an kai meri an buga hatimi mai launin shuɗi, ya naɗe ya sa a aljihu yana ganin ya gama. Bayan shekara uku sai ga ƙannen mai sayarwa su huɗu sun dawo daga tafiya, sun ce gidan na gado ne, ba a raba ba. Ya fito da takarda yana nuna hatimi. To, me hatimin ya ce? Ya ce wane ne ya sa hannun nan, ranar kaza. Bai ce gidan nasa ne ba, domin ba wanda ya tambayi ma'aikacin wannan, ba kuma aikinsa ba ne. Hatimin gaskiya ne, cinikin ne ya taɓu.

Aikin noter

Na uku shi ne wanda ya fi sauran nauyi, shi ne takardar da noter ya rubuta da kansa. Noter masanin doka ne da gwamnati ke naɗawa, ya yi rantsuwa a gaban kotu, a ba shi hatimi da sunansa. Ba albashi yake ci ba, masu zuwa wurinsa ne ke biyansa bisa farashin da gwamnati ta tsara. Ana kiransa da laƙabin Metir, kamar lauya, amma aikinsu ba ɗaya ba ne: lauya ɓangare guda yake karewa, noter kuwa a tsakiya yake tsaye, wajibi ne ya faɗa wa mai saye da mai sayarwa duka abin da yarjejeniyar za ta jawo musu. Tsarin ya samo asali daga dokar Faransa ta 1803, ya zo mana da mulkin mallaka. Nijar ta yi tata dokar a ranar 29 ga Afrilu 1998, aka sabunta ta a 2018.

Bambancinsa da tagar meri shi ne, noter ba ya buga hatimi a kan abin da kuka rubuto kawai. Zai tambayi katin kowa. Zai nemi takardun gidan ko filin, ya duba ko sunan mai sayarwa ne a jiki, ko an taɓa jinginar da shi ga banki. In gado ne, zai nemi takardar kotu da ta lissafa magada. Sannan ya rubuta, ya karanta muku, kowa ya sa hannu, shi ma ya sa. Ta asalin ba ya ba kowa, a ofishinsa take zama, ku kwafi za a ba ku. Ko gobara ta cinye naku, ko gara, kuna iya komawa a fitar muku da wani.

Doka ta ba irin wannan takarda ƙarfin da ta ɗan littafin makaranta ba ta da shi. Abin da noter ya rubuta cewa ya gani da idonsa, kamar zuwan mutane da ranar da aka yi da kuɗin da aka ƙirga a gabansa, kotu tana ɗaukarsa tabbatacce. Mai son ƙaryata shi sai ya shigar da ƙara ta musamman cewa takardar jabu ce, kuma hanya ce mai wuya. Bayan haka, a dokokin kasuwanci na OHADA, waɗanda Nijar ke aiki da su tare da wasu ƙasashen Afirka tun bayan yarjejeniyar 1993, takardar bashi ta noter da aka sa wa kalmomin zartarwa tana tsayawa kamar hukuncin kotu. Wanda ya ƙi biya, ana iya tura masa ma'aikacin zartar da hukunci ba sai an sake zaman shari'a daga farko ba. Shi ya sa banki ke nacewa sai an je wurin noter kafin ya karɓi gida jingina. Ku lura, wuƙar nan baki biyu gare ta. In kai ne mai cin bashin, kai za ta yanka.

Ina noter yake? Mafi yawan ofisoshinsu suna Yamai, saura a manyan birane. Daga Bilma zuwa Agadas kuwa wajen kilomita 600 ne na rairayi, ba kwalta, kuma mota ba ta tashi don mutum ɗaya ya matsu, sai ayari ya haɗu. Gundumar Bilma, da ƙananan hukumominta huɗu, Bilma da Dirku da Fashi da Jado, ta fi ƙasar Gana faɗi. Masu tsara doka sun san da irin wannan nisa, shi ya sa aka tanadi cewa inda ba a buɗe ofishin noter ba, babban magatakardan kotu, wanda ake ce wa girefiye, shi ke riƙe wannan aiki. Saboda haka kafin ku sayar da akuya ku biya kuɗin mota, ku fara shiga kotun Bilma ku gaya wa magatakarda buƙatarku. Shi zai ce muku wannan ana gama shi a nan, wancan sai Agadas. In sai Agadas ne, ku sa a rubuta muku jerin takardun da za ku tafi da su. Ba abin da ya kai baƙin cikin ratsa Tenere a tarar an baro takarda ɗaya a ƙarƙashin katifa.

Takardar wakilci

A garin da rabin mazansa ke kan hanya, takardar da ta fi kowace yawo ita ce ta wakilci. A samanta za ku ga an rubuta "procuration". Da ita ne dattijo mai fansho ke tura ɗansa ya karɓo masa kuɗi, da ita ne wanda ke Sabha ta Libiya ke sa ƙanensa ya sayar masa da fili, da ita ne magada goma ke tsayar da mutum ɗaya ya yi magana da bakinsu. Tana rage wahala ƙwarai. Tana kuma iya raba zumunci in an yi ta da gaggawa.

Dalili kuwa, duk abin da wakili ya yi cikin iyakar da aka rubuta masa, doka tana ɗauka kai ka yi. Ba za ka zo daga baya ka ce ba haka ka nufa ba. Abin da ka nufa yana zuciyarka, abin da aka rubuta shi ke gaban alƙali.

Ga wani dattijo a gaban magatakarda, ƙanensa na tsaye a bayansa.

"Baba, me kake so ya yi maka?"

"Komai. Ai ɗan'uwana ne, ciki ɗaya."

"Komai ya haɗa da sayar da itatuwan dabinonka?"

Dattijon ya ɗago kai. "A'a, wa ya yi zancen dabino? Kuɗina na banki kawai zai karɓo."

"To, haka za mu rubuta. Wane banki? Sau ɗaya ko kowane wata? Har zuwa yaushe?"

Tambayoyin nan ba rashin kunya ba ne, ba kuma zargin ƙanen ba ne. Su ne ma kariyarsa, domin ranar da ƴaƴan dattijon za su tambaye shi lissafi, takardar ce za ta nuna inda aka ce ya tsaya. Wakilci mai kyau yana ɗauke da cikakken sunan mai wakiltawa da na wakili yadda suke a katinsu, da lambobin katin. Yana faɗin aikin da sunansa. In sayarwa ce, a bayyana abin: gida kaza a unguwa kaza, gabas gidan wane, yamma hanya. A rubuta farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba. A faɗi ko wakili yana da ikon karɓar kuɗin a hannunsa, ko a asusun mai abu za a zuba. A kuma sa ranar da wakilcin zai ƙare. A doka, wakilcin da aka yi da kalmomi na gaba ɗaya kula da dukiya kawai yake bayarwa. Sayarwa ko jingina sai an ambace su ƙarara. Amma kada ku dogara da wannan ku bar ƙofa a buɗe, domin kafin kotu ta warware, dabinon ya yi shekara biyu a hannun wani.

Abu biyu da mutane kan manta. Mai wakiltawa yana da ikon janye wakilcinsa duk ranar da ya ga dama, sai dai ya sanar da wakilin, ya kuma sanar da banki ko ofishin da ake kai takardar, in ba haka ba za su ci gaba da biya. Sannan wakilci yana mutuwa da mutuwar mai shi. Daga ranar da Allah ya karɓi ran dattijo, takardar da ke hannun ƙanensa ta zama fanko, dukiyar ta koma ta magada. Wanda ya ci gaba da cirar kuɗi da ita ya ɗauko wa kansa magana a kotu, ban da ta lahira.

Wani wakilcin, shaidar sa hannu a meri ta ishe shi. Wani kuma, musamman na sayar da gida mai takardar mallaka ko na jingina, za a ce sai na noter. Wanda za a kai wa takardar shi ya san wadda yake karɓa, don haka a buga masa waya a tambaya tun kafin a rubuta. Wanda ke ƙasar waje kuwa, ofishin jakadancin Nijar na inda yake shi ne merinsa, kamar ƙaramin ofishin da ke Kano ko na Jidda.

Kafin yatsa ya taɓa tawada

Kundin mulkin da aka zartar a watan Maris 2025 ya mayar da Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Duk da haka takardar da za a miƙo muku ta taga, galibi da Faransanci za ku same ta. A yankin Bilma kuwa wani Barbarci ne harshensa, wani Tubanci, wani Buzanci, Hausa ta kasuwa ce ke haɗa su. Haƙƙinku ne a karanta muku takarda tun daga sama har ƙasa, a fassara da harshen da kuke ji. Kuma kada mai fassarar ya zama wanda kuke ciniki da shi, ko yaronsa. Ku zo da naku. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Wurin da ya fi buƙatar kasa kunne shi ne kuɗi. Mu da dala muke lissafi, takarda kuwa da faran take magana, kuma dala ɗaya faran 5 ce. Dala ashirin ita ce 100 a rubuce. Jika ɗaya, wato dala ɗari biyu, ita ce 1.000. To, a ce kun yi cinikin ramin gishiri a kan dala dubu ɗari. Mai rubutu ya ji "dubu ɗari", ya rubuta 100.000. Kun dangwala. Dala dubu ɗari kuwa faran 500.000 ce, jika ɗari biyar. A takarda an nuna kun sayar da raminku a kan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa, ba tare da kowa ya yi niyyar cuta ba. Maganin wannan shi ne a faɗi kuɗin da jika, a rubuta shi da lambobi, a sake rubuta shi da kalmomi, sannan ku ƙirga sifilin da idonku. Wannan ajin ya koya muku lambobi, ga ranar amfaninsu.

Kada ku sa hannu a farar takarda don an ce za a cika daga baya, ko wane ne ya ce. Kada ku bar fili babba tsakanin layin ƙarshe da sa hannunku. A ja layi a kashe wurin. In an yi kuskure an goge, kowa ya sa alamar hannunsa a gefen gyaran. Takarda mai shafi uku, kowane shafi a sa masa hannu. In ku biyu ne, a yi ta biyu, kowa ya tafi da tasa. Kuɗin tambur da na aiki kuma a nemi takardar shaidar biya. Ba rowa ba ce, tsari ne.

Sai maganar suna. Ni kaina na taɓa yin tafiyar kwana biyu da wakilcin kawuna, na isa wani ofis aka mayar da ni. A katinsa an rubuta Aboubacar, a takardar wakilci Boubacar. A gida duk Bukar muke ce masa. Na yi rantsuwa mutum ɗaya ne, ma'aikacin ya ce ya yarda da ni, amma takarda ba ta yarda ba. Na ji haushinsa a ranar. Yau na san da ya karɓa, gobe wani zai zo da sunan da ya yi kama da naka ya kwashe abinka. Mahamadou da Mamadou da Mohamed a kunnenmu suna ɗaya ne, a ofis mutum uku ne. Ku ɗauki takardar haihuwa ta zama uwa, duk wata takarda a kwafe sunan daga jikinta harafi-harafi.

Wanda ba shi da takardar haihuwar fa? Noter ba ya yin ta, hatimin meri ma ba ya haifar da ita daga babu. Dokar 1 ga Yuli 2019 ta ba da kwana 60 a kai sanarwar haihuwa. In wa'adin ya wuce, sai a bi ta kotu da shaidu, alƙali ya yanke hukuncin da zai tsaya a madadin sanarwar. Lokaci-lokaci alƙalai kan fita ƙauyuka su yi zaman tafi-da-gidanka don wannan. In kun ji sanarwa, ku kai yara, har da manyan da katinsu ke cewa an haife su "wajen" shekara kaza.

Lambu da dabino da ramin gishiri

Dukiyar Bilma ta gaske ba a banki take ba. Tana cikin lambuna, da itatuwan dabino, da ramukan Kalala, kuma mafi yawanta gado ne da ba a taɓa rubutawa ba. Irin wannan tana da tata ƙofar. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gargajiya, ta kuma kawo kwamitocin filaye da ake kira kofo: na ƙauye wanda mai gari ke shugabanta, na ƙaramar hukuma, da na gunduma. Su ke ba da takardar shaidar cewa wuri kaza na wane ne bisa al'ada, da ta sayarwa, da ta kyauta, da ta aro, da ta haya, da ta jingina.

A ganina, ga mai lambu a Bilma takardar kofo ta fi kusa da gaskiya a kan duk wata da za a rubuto daga nesa. Dalili, ƴan kwamitin suna zuwa wurin da ƙafarsu, a kira maƙwabtan iyaka, a yi shela don mai ja ya fito tun yanzu. Noter da ke Yamai, duk iliminsa, bai san cewa itacen dabinon da ke kusurwar lambun na gwaggon mai sayarwa ba ne. Maƙwabci ya sani. Takardar aro ma kada a raina ta. Lambu nawa aka ba da aro don zumunci, masu bayarwa suka rasu, jikokin mai aro suka tashi suna ganin na kakansu ne?

Wanda ke son takardar mallaka cikakkiya, wadda banki ke karɓa, sai ya wuce ofishin ƙasa da safiyo na gwamnati. A 2006 an fito da wata mai sauƙin samu, aka raɗa mata suna Sheda, kalmarmu ce ta shaida. Gado kuwa hanyarsa ta dangi ce da malamai da kotu: a zauna taron dangi, a rubuta abin da aka tsayar, a kai wa alƙali. A sha'anin gado da aure da filin da ba a yi wa rajista ba, kotunan Nijar al'adar masu shari'ar suke bi, alƙali yana zama tare da masana al'ada. In sarki ya sasanta rikici, ku roƙa a rubuta sulhun a sa hannu, domin dattawan da suka halarta ba za su dawwama ba.

Masu fatauci zuwa Kano su sani, a Nijeriya tsarin Ingila ake bi. Wanda ake kira notari a can lauya ne da Alƙalin Alƙalan ƙasar ya ba izini, aikinsa ya fi karkata ga shaida sa hannu da rantsuwa. Sunan ya yi kama da namu, nauyin takardar ba ɗaya ba ne. Takardar da za ta ƙetare iyaka kuma sau da yawa sai ta bi ta ma'aikatar harkokin waje a Yamai da ofishin jakadancin ƙasar da za a kai ta.

In takarda ta zo hannu, saura ajiya. Bilma na iya shekara ba a ga ruwan kirki ba, har mutum ya manta da shi. A watan Agustan 2006 an yi ruwan da ya narkar da gidaje masu yawa a garin, domin ginin ƙasa mai gishiri ba ya jure jiƙa. A naɗe takardu cikin leda, a sa a akwatin ƙarfe, a ɗora a sama. Kada a manne ta asali da roba mai zafi, wasu ofisoshi ba sa karɓar wadda aka yi wa haka. A ɗauki hotonta a waya, a kuma ajiye kwafi mai hatimi a gidan wani ɗan'uwa, in da hali a wani gari.

Aikin aji

Kowa ya zo da takarda ɗaya mai hatimi daga gida. Ku zauna bibbiyu, ku nemo kwanan wata, da sunan ofishin da ke cikin hatimin, da tambur in akwai. Sannan kowa ya faɗa wa aji abin da hatimin ya shaida, da abu ɗaya da bai shaida ba.

Ku rubuta waɗannan da lambobi yadda za su fito a takarda: dala hamsin, jika goma sha biyar, dala dubu arba'in, jika ɗari biyu da hamsin.

Ku kwafe sunanku daga takardar haihuwa, ku sake kwafe shi daga katin ɗan ƙasa a ƙarƙashinsa. Wanda ya ga harafin da ya bambanta ya zagaye shi, ya nuna wa malami.

Wata mata mijinta yana Dirku, ita tana Fashi, tana so yayanta ya sayar mata da dabinon bana kaɗai, ban da itatuwan. Ku rubuta mata wakilci da Hausa, layi biyar ko shida. Ɗaya ya karanta da ƙarfi, sauran su nemo ƙofar da aka bari a buɗe.